Mabuɗin Cocin Bitrus

Tun ranar da katikis Rufus, malamin cocinmu, ya kira sunan 'yata Theresa a coci na san wani abu zai lalace. Ban dai san ni zan lalata shi ba.

Muna da al'ada a ƙauyenmu, bayan Zonkwa. Kowace shekara, ranar idin Waliyyi Bitrus a ƙarshen Yuni, muna takawa mil biyar zuwa ƙaramin cocinsa da ke kan dutse. Sau ɗaya ake buɗe shi a shekara, kuma yaro ɗaya ake zaɓa ya rataya mabuɗin a wuya, ya shige gaba. A 1991 Theresa aka zaɓa. Yarinyar da ta ɓatar da takalmi ƙafa ɗaya har sau biyu!

Da safe, tana wanka, na kwance mabuɗin daga jan zarensa na sa a aljihuna, na ɗaura mata na ɗakin da nake ajiye citta. Kwaɗon cocin da na ɗakin iri ɗaya ne, daga kasuwar Kafanchan. Na ce in mun kusa sai in mayar mata.

"Baban Theresa, me kake yi da kayan coci?" in ji matata Mildred.

"Ina duba ƙullin ne."

"Duba naka wandon, yana zamewa."

Muka kama hanya. Matan zumunta suna buga tulu suna waƙa, Fada, limamin cocinmu, ya naɗe rigarsa har gwiwa saboda taɓo. Theresa tana gaba, kai a sama. Ni kuwa hannuna bai bar aljihu ba.

A rafi na taka dutse mai santsi, sai ga ni zaune cikin ruwa.

"Meshak, ai an yi maka baftisma tun tuni!" in ji katikis. Kowa ya fashe da dariya, har Fada.

Na tashi na laluba aljihu. Babu komai. Na tsaya ina tonon yashi kamar mai neman kaguwa, har waƙa ta yi nisa. Sai na kwasa da gudu. Mutum ɗari uku za su tsaya a bakin ƙofa, a ce 'yata ce ta kawo mabuɗin banza. Gara in faɗi gaskiya, kunyar ta hau kaina.

Na iso ina haki, wando yana ɗiga. Theresa ta riga ta kama kwaɗon.

"Ku dakata!" na ce. "Fada, ni ne..."

Ƙaras! Kwaɗo ya buɗe. Mata suka rangaɗa guɗa, aka ture ni ciki tare da jama'a.

"Kai ne me?" Fada ya tambaye ni.

"Ni ne babanta."

"To, mun sani. Je ka zauna a baya, kada ka jiƙa mana benci."

Bayan addu'ar Mas Theresa ta miƙa wa katikis mabuɗin, ta zo ta ba ni dafaffiyar masara. "Baba, ka sha ruwan rafi, ci wannan ya danne."

Da muka koma gida, tunda babu mabuɗi a hannuna, dole na fasa kwaɗon ɗakin citta da guduma, don haka ba ni da abin gwadawa. Ko mabuɗina ne ya buɗe cocin, ko uwa da 'ya sun gane ni sun musanya tun a gida, har yau ban sani ba.