Mai Buɗe Taga

Gudrun Thygesen ta kai shekara saba'in da huɗu, ba ta da sauran wanda zai dube ta ya ce ta yi kama da wance. Miji ya rasu, ba ɗa ba jika, ƙanenta Aksel ma an binne shi watan jiya. Abin da ya rage mata na dangi magana ɗaya ce da mahaifiyarta ta sha faɗa: wai kakar kakarsu, Maren, tana cikin zanen ranar rasuwar tsohon faston garinsu. Fuskar nan take son gani. Ta ƙunsa baƙin burodi da kifi, ta hau jirgin ƙasa zuwa gidan tarihi na garin Viborg, inda zanen yake.

Zanen ya cinye bango guda. Ga fasto kwance fari fat, manyan gari goma sha ɗaya sun kewaye gado, kowa ya juyo da fuska don kada a manta da shi, mai mutuwar ma ba ta tasa suke ba. A ƙasa an jera sunayensu. Ta bi da yatsa har sau biyu, babu Maren.

Mai kula da ɗakin, wata mata mai surutu da ake kira Bodil, ta matso tana murmushi.

"Iya, kar dai ke ma jikar magajin gari ce? Yau kaɗai na ga uku."

"Ni jikar mai wanke-wanke ce. Maren sunanta."

"Ayya! Ai su ba a rubuta su. Sai dai ko waccan."

Can a lungun zanen wata mace ce ta ba da baya, hannunta a kan sakatar taga.

"Kin dai san aikin nasu ne," in ji Bodil. "Rai na fita, a buɗe masa taga ya sami hanya. Su manya suna can suna gyaran gashin baki."

Ran Gudrun ya ɓaci. Tafiyar awa huɗu, ta zo ta tarar da ƙeya! Har ta ɗauki jakarta, sai idonta ya koma kan hannun. Ƙaramin yatsan a tanƙware yake ciki, irin na mahaifiyarta, irin na Aksel. Ta ɗaga nata ta duba, shi ma haka yake.

Ashe gado ne. Ita ta buɗe wa mahaifiyarta taga, ta buɗe wa miji, ta buɗe wa Aksel. Kaɗaici ya danne ta a nan tsaye.

Da yammaci ta iso gida, ana yayyafi da sanyi. Ko takalmi ba ta cire ba ta wuce ɗakin kwana, ta buɗe tagar da ke saitin gadonta, ta tokare ta da cokali. Tun ranar ba ta sake rufe ta ba, don ta san babu mai buɗe mata.