Benen da Ke Tasbihi

Da Malam Sunusi zai ɗora bene a makarantarsa ta Fulatan, sharaɗi ɗaya ya gindaya wa Ilu magini: kada ginshiƙi ko ɗaya ya tsaya a tsakiyar ajin ƙasa, don yana so daga buzunsa ya riƙa ganin kowa. Ilu ya ce faɗin ya yi yawa. Malam ya tambaye shi ginshiƙi nawa ke riƙe da sama. Wa ya isa ya ja da wannan hujja? Aka zuba dekin, wato rufin kankare, haka nan.

Ɗalibai sittin suka hau sama, Malam ma ya bi su da buzunsa. Da an ɗauki tilawa, sai su shiga rangaji gaba da baya a tare, kamar zangarniyar gero a iska, daɓen kuwa ya kama bin su. Shayin Malam har fallatsa yake yi. Kafin a yi kasuwa biyu labari ya kai Rogo Ruma, wai karatun Malam ya kai har gini na tasbihi. Mutane suka riƙa zuwa a babur don su taka su ji albarka a tafin ƙafa.

Ilu kam tsoro ya hana shi sakat, domin 'yarsa Siddiƙa a ajin ƙasa take zama, daidai inda ƙurar siminti ke zubowa. Ya kira wani injiniya, Mansur, daga Karaye. Mansur ya tsaya a tsakiyar benen, ya ji yadda daɓen ke kaɗawa, ya ce ko dai a tokare dekin, ko yara su daina rangaji lokaci guda. Malam ya yi murmushi, ya ce boko bai san karama ba.

Ranar Alhamis da babu karatu, Ilu ya kawo ƙarfe biyu masu kauri, ya kafa a ajin ƙasa. Asabar aka yi tilawa har azahar, bene ko gezau.

Malam ya sauko, ya daɗe yana kallon ƙarafan.

"Ilu, ka kyauta," in ji shi. "Ka kashe mana albarka."

Tun daga ranar, ko aikin katangar banɗaki ba a sake ba Ilu ba a Fulatan. Yanzu gyaɗa yake nomawa. Kullum da yamma Siddiƙa na dawowa gida, sai ya duba hijabinta, ba ƙura ko kaɗan.