Duwatsun Mahaifin Bartul

Wa ya fi haƙƙi a kan dutse, mamaci ko mai rai? Har yau ban sani ba.

A ƙauyenmu na gindin tsaunin Velebit, inda masu ɗaukar makara suka sauke ta suka huta, nan ake shimfiɗa duwatsu tun daga wajen kai har wajen ƙafa, wai a nan ran mamaci yake kwana. Na mahaifin maƙwabcina Bartul suna bayan gidansa.

Ranar da iska ta gangaro daga tsauni, na je taya shi. Duwatsun da ya danne rufi da su sun mirgine, fallayen yumɓun rufin sun fara tashi. Matarsa Perina tana ciki da jariri.

Ta ce wa Bartul, "Ɗauko na Baba, su ne masu faɗi."

"Ki ji tsoron Allah, Perina. Ina zai kwanta?"

"Mutumin da kullum a benci yake barci? Ya shigo, akwai wuri."

Bartul bai motsa ba, sai da falle ɗaya ya faɗo ya tarwatse dab da gadon jaririn.

Ya fita bayan gida da rarrafe saboda iska, ya tuɓe hula, ya ce, "Gafara, Baba." Sannan ya ciccibi dutsen da ke wajen kai.