Sunan da Aka Yanke Daga Taswira

A wasan bidiyon nan na tuƙa jirgin ruwa, wanda ake bin tsibirai ana neman kaya, waɗanda suka ƙirƙiri wasan ba su sa taswira ba. Sai mutum ya wuni yana zagaye dutse ɗaya yana zagin wayarsa. Auta ce ta gaji da ɓata, ta zauna ta zana tekun kaf da hannunta. A shagon fotokwafi take aiki, duk sanda kwastomomi suka ɗauke ƙafa sai ta jawo takarda daga aljihun tebur ta ƙara tsibiri guda. Da ta gama ta ɗauki hoton taswirar a na'ura, ta rubuta laƙabinta na wasa a ƙasa daga dama: Tawada.

Masoya wasan suna da shafuka barkatai, da zaure guda na intanet da ya haɗa masu shafukan. Dokar zauren ba ta da tsawo. Ka ɗauki hoton kowa, amma ka bar sunan mai shi a jiki, ka kuma faɗi inda ka samo. Wanda ya goge suna, waje. Yayan Auta ma shi ya tsara dokar. Mai gyaran waya ne, shafinsa ya fi na kowa jama'a, kuma shi ya koya mata wasan tun farko.

To, kwamfuta ɗaya suke amfani da ita a gida. Yaya ya ga taswirar, ta burge shi, ya ce wannan ta dace da goshin shafinsa. Goshin shafi kuwa faɗi gare shi, ba tsawo, sai ya rage sama ya rage ƙasa. Sunan Tawada ya bi ƙasan ya tafi. Ita Auta ba ta ma saki tata ba tukuna, tana ta gyaran launin ruwa.

Ranar da ta saki, ko minti goma ba a yi ba aka yi mata caa. Wani ya jera hotunan biyu, ya nuna na Yaya ya riga fita. Wani ya ce sata ma ba a iya ba, har da manna suna. Kyaftin, mai kula da zauren, bai tsaya jin ta bakinta ba ya cire ta. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, domin nan ne kaɗai wurin da ake kiranta da sunan da ta zaɓa wa kanta.

Da aka tashi aiki ta wuce shagon Yaya. Ta same shi ya duƙufa kan wata waya da aka farke, hayaƙin dalma na tashi.

"Yaya, taswirata ce a shafinka."

"Na sani mana. Ba ta yi kyau a wurin ba?"

"An kore ni. An ce ni na sata a wurinka."

Ya ajiye ƙarfen dalmar, ya yi 'yar dariya. "Haba Auta, abin gida ne fa. Ni da ke har sai an yi rubutu?"

"Kai ka ce a riƙa rubutawa."

Nan dariyar ta tsaya. Ya san in ya faɗi gaskiya, dokar da ya ɗaure mutane da ita shi za ta fara kamawa. Ya sosa ƙeya, ya ɗauki wayarsa ya yi 'yan danne-danne, ya miƙa mata. A ƙarƙashin hoton ya ƙara kalma biyu: zanen ƙanwata.

Auta ta karanta ta mayar masa. "A makaranta ni ƙanwarka ce. A layinmu ƙanwar mai gyaran waya ce. Ko mai shagonmu haka yake kirana. Wannan kam ni na zana, Yaya, kuma ina da suna."

Ba ta jira amsa ba ta fita.

Mai wayar da aka farke ya leƙo yana tambaya ko an gama. Kafin Yaya ya rufe shago ya sauke goshin shafin, ya sa taswirar cikakkiya, ya rubuta a zaure cewa Tawada ce ta zana, shi ne ya ɗauka bai tambaya ba, shi ne kuma ya yanke sunan. Kyaftin ya yi ta kame-kame, wai ai tsakanin wa da ƙanwa ne. Yaya ya ce dokar ba ta ce ban da 'yan'uwa ba. Aka mayar da Auta, aka cire shi. Jama'ar shafinsa da dama suka watse, waɗanda suka fi zagin Auta kuwa su suka fi zaginsa.

A gida kwana biyu ana gaisawa sama-sama. Sai wata safiya, tana ɗaura takalmi, ya tsaya a bakin ƙofa yana wasa da makullin shago.

"Tawada, in na roƙi a buga mini babba in manna a bango, za a ba ni?"

Ta buga masa a wurin aikinsu, ba ta rage ko gefe ba. Ya manna saman teburinsa, kusa da inda yake rataye cajoji.

Rannan tana shagon ta kawo masa saƙon Inna, wani kwastoma ya tsaya yana kallon bango. "Kai, wa ya zana wannan?"

Yaya ya buɗe baki zai ce ƙanwarsa ce, ya dubi Auta, ya fasa. Ya miƙa sukudireba ya nuna ƙasa daga dama.

"Karanta nan," ya ce.