Silifas ɗin Kafinta

"Ƙara turawa, Gwaggo."

"Me zan tura? Wannan ƙafa ce ko gungume?"

Gwaggo Tela tana durƙushe a ƙofar ɗakin maƙwabciyarta, tana fama ta cusa mata ƙafa cikin takalmi. Takalmin na maƙwabciyar ne, da shi ta yi ta kai da kawowa har cikinta ya tsufa, amma yau ya ƙi ta. Yatsun sun kumbura sun haɗe, idon sawu ya ɓace. Gwaggo ta danna babban yatsanta a bayan ƙafar ta ɗauke. Ramin ya tsaya, bai cike ba.

Siririya ake kiran yarinyar a gidan hayar, don ranar da mijinta direban babbar mota ya kawo ta, cewa aka yi iska mai ƙarfi za ta iya tafiya da ita. A makon jiya ta haihu a ɗakinta, namiji, ba wata wahala. Mijin yana kan hanya. Ba uwa ba ƙanwa a kusa, sai Gwaggo da bango ɗaya ya raba su.

"Siririya ta koma Lukuta," in ji matar mai shago daga bakin famfo. "Ƙibar haihuwa ce, ki gode Allah. Ni a na fari har zobe sai da aka yanke mini."

Aka yi dariya, har da ita Siririyar, tana dafe da goshi. Gwaggo ba ta yi ba. Ta miƙe ta ɗauko silifas ɗin mijinta Kafinta, manya, baƙaƙe, garin katako ya cike musu tsagi.

"Sa waɗannan. Shi yana da na zuwa aiki."

Da ƙyar suka shiga, madaurin ya nutse cikin nama. Haka suka fita, Gwaggo riƙe da jaririn, Siririya tana jan ƙafa a baya, faɗat, faɗat.

Ƙaramin asibitin unguwa ƙofa biyu gare shi a baranda ɗaya. Ta hagu ta yara ce, Talata ake buɗe ta. Ta dama ta iyaye mata ce, sai Alhamis. Wanda ya raba ranakun nan, Allah kaɗai ya san ko ya taɓa ganin jinjiri ya tako asibiti da ƙafarsa. Ranar Talata ce, mata sun cika benci har ƙasa, nas ɗaya tal ke ciki, gumi ya jiƙa mata wuyan riga.

Da layi ya zo kansu ta ɗora yaron a sikeli, ta ɗiga masa magani a baki, ta yi masa allura, ta duba cibiya.

"Yaro kam ma sha Allah. Ki ci gaba da ba shi nono zalla, ko ruwa kada ki ba shi. Kuna kwana cikin gidan sauro?"

"Muna kwana."

"Malama," in ji Gwaggo, "uwar ma ki dube ta. Kanta ke sarawa tun shekaranjiya."

"Kuma ina ganin wasu 'yan taurari," in ji Siririya, kamar mai neman gafara.

Nas ta dube ta, ta dubi ƙafar, ta dubi layin da ya kai bakin titi.

"Abin awon hawan jini yana wancan ɗakin, makullin kuma yana hannun ungozoma, ta fita zagaye. Ku dawo Alhamis da sassafe, ni da kaina zan sa ta gaba. In kuma ya tsananta, kada ku jira, ku wuce babban asibiti."

"Ai bai tsananta ba," in ji Siririya. "Gwaggo, mu je, na jiƙa wanki."

A baranda Gwaggo ta tsaya gaban ƙofar dama. Ta kama kwaɗon ta ja, kamar zai ji kunyarta ya buɗe. Ta leƙa ta taga. Ga abin can a kan tebur, an nannaɗe shi da robarsa, hannu kawai ne ba zai kai ba.

"Jibi ne fa, Gwaggo. Jibi kamar yau ne."

Washegari da hantsi Gwaggo tana kan keken ɗinki tana kafa hannun riga, ta ji bokiti ya faɗi yana gangarawa a tsakar gida. Ta ɗauke ƙafa daga keken tana jiran ta ji an yi tsaki. Ba a yi ba.

Ta tarar da Siririya ƙarƙashin igiyar shanya, jiki yana karkarwa, haƙora sun datse, rigar yaron jiƙaƙƙiya a damƙe a hannunta. Matar mai shago ta kurma ihu. Mai shago ya jawo motarsa ta ɗaukar kaya, aka shimfiɗa kwali, aka kwantar da ita. Gwaggo ta ɗora kan Siririya a cinyarta. Abin da take kallo har suka isa shi ne silifas ɗaya da ya rage a ƙafar, yana rawa duk sa'ad da mota ta faɗa rami.

A babban asibiti wani likita yaro ya fito yana tambaya da sauri.

"Ke ce uwarta?"

"Maƙwabciya."

"Tun yaushe ƙafar ta kumbura? An auna jininta bayan haihuwa?"

"Alhamis," in ji Gwaggo.

"Alhamis aka auna?"

"Alhamis za a auna."

Ya tsaya yana dubanta, ya koma ciki. Rana ba ta karkata ba ya sake fitowa, a hankali wannan karon. Aka miƙo wa Gwaggo leda: ɗankwali, ɗankunne, silifas ɗaya.

Ba ta yi kuka ba. Mata suka yi, har waɗanda ba su taɓa gaisawa da marigayiyar ba. Ita dai ta kwashe shanyar, ta ninke, ta ɗauko ɗaya silifas ɗin daga inda ya kife, ta haɗa shi da ɗan'uwansa a ƙofar ɗakinta. Direba ya iso bayan an gama komai. Ya zauna a bakin gado da makullin mota a hannu, aka miƙa masa ɗansa, ya riƙe shi kamar kayan wani.

"Gwaggo, da muka yi waya ce mini ta yi lafiyarta ƙalau."

"Haka ta ce wa kowa."

Nas ɗin ta zo gidan da gwangwanin madarar jarirai. Ta nuna wa Gwaggo yadda za ta tafasa ruwa, ta wanke kofi da cokali, ta ba shi kaɗan kaɗan. Idonta na kan kofin har ta gama bayani. Yaron ya ƙi, ya ƙi, yana juya kai yana neman abin da babu. Daga baya yunwa ta sa ya karɓa.

Da lokacin allurarsa ta gaba ya yi, Gwaggo ta ɗauke shi suka koma. Talata ce, ƙofar dama a kulle kamar kullum. Amma a teburin yara, kusa da sikeli, ga abin awon jinin nan. Kowace uwa ta ajiye ɗanta, sai nas ta ce ta miƙo hannu. Layi ya ƙara nauyi, mata suna ta ƙunƙuni.

"Mu allura muka zo, ba wannan matse-matsen ba."

Tun da Gwaggo ta zauna, fuskar kowa ba ta kalla ba, ƙafafu take bi ɗaya bayan ɗaya, har ƙarshen benci.

Da ta iso gaba, nas ta ɗaga abin, sannan ta tsaya da shi a hannu.

"Na karɓo shi, Gwaggo. Na ce ko dai a bar mini shi ranar Talata, ko a nemi wata."

"To," in ji Gwaggo. Ta kwantar da yaron a sikeli. "Akwai wata mai koren mayafi can baya. Takalminta a hannu ta riƙo shi. Ki fara da ita."

Nas ta leƙa, ta ajiye alƙalami, ta fita da kanta.

Da yamma Kafinta ya dawo daga aiki, ya cire takalminsa, ya zura ƙafa cikin silifas ɗin bisa sabo, karo na farko tun ranar. Ya yi taku ɗaya, ƙafar ta zame. Madaurin ya saki, ya buɗe fiye da ƙafarsa. Ya tsaya yana kallon ƙasa. Sai ya zare a hankali, ya jera su a jikin bango yadda ya same su, ya shiga ɗaki ba takalmi.

Gwaggo tana zaune a kan tabarma, tana juya cokali a cikin kofi.