Baƙin da Ba a Wankewa

Mai shagon kayan wutan nan na bakin titi, mai biro a bayan kunne, shi ya cuci Inna Madubi. Ba tsufa ba ne, ba wutar lantarki ba ce, shi ne. Da bakinsa ya yi, da rana tsaka, yana murmushi, kuma har yau ƙarfe takwas yake buɗe shago kamar bai yi komai ba.

Ga yadda aka yi, kada a ce an yi masa ƙazafi.

Shekara talatin da ɗaya Inna Madubi ta yi tana wanke tukwane a kicin ɗin wani otal. Can aka laƙaba mata sunan, don tukunyar da ta bi ta hannunta, kuku na iya duba haƙoransa a gindinta. Ko alif ba ta sani ba, amma ta san ƙarfe. In ta ƙwanƙwasa tukunya sau ɗaya, za ta faɗa maka shekarun da za ta yi kafin ta huje. Abu ɗaya ta tsana a duniya, baƙi a jikin abin girki. A wurinta baƙi ƙazanta ne, ƙazanta kuwa 'yar lalaci ce.

Mijinta tsohon direban bas ne. Ya kwanta asibiti wata biyu, ya fito da ransa amma bakinsa ya mutu. A ba shi shinkafa, loma biyu ya ture kwano. A ba shi shayi da burodi, ya sha shayin ya bar burodin. Sau biyu Inna tana ɗaukar ƙusa tana ƙara wa bel ɗinsa huda, don wando ya daina zame masa.

Wata Asabar suka je gidan 'yarsu, wadda kowa ke kira Nas saboda aikinta. Aka kawo wa jikoki wani abin gashi na fulawa da ƙwai da madara, mai ramuka-ramuka kamar saƙar zuma, wai shi wafal. Tsoho ya miƙa hannu ya gutsiri na ƙaramar jikarsa don ya tsokane ta. Ya tauna, ya sake gutsira. Kafin a ankara ya cinye uku.

Nas har da ƙwalla. Ta ce, “Baba, daga gobe kullum zan aiko maka da shi.”

Inna ta ce, “Ki aiko wa wa? Shekara arba'in da uku ina ciyar da mutumin nan. Ba za a fara kawo masa abinci a roba ba ina da rai da hannu biyu. Tashi ki nuna mini.”

Ta tsaya a kan Nas ta ga komai: kofi biyu na fulawa, ƙwai biyu, madara, narkakken man shanu, ɗan sukari, da garin nan da ke sa kwaɓi ya tashi. Ta ga yadda ake zubawa a injin, a rufe, a jira. Abin da ba ta gani ba shi ne wankewa, don kafin a kwashe kwanuka sun kama hanyar gida.

Ranar Litinin ta shiga shagon. Iri uku ya jera mata a kan kanta. Na farko ɗan ƙarami ne, ta ɗaga shi da yatsa biyu ta ajiye, ta ce wannan na wasan yara ne. Na biyu zallan ƙarfe ne mai dogayen hannaye, a kan murhu ake ɗora shi, a juya shi da hannu. Ta ƙwanƙwasa, ya amsa mata da murya mai kauri. Hannunta ya ƙi sakinsa.

Mai shago ya ce, “Haba Mama, wannan ai na zamanin da ne. Zai karya miki wuyan hannu. Ga na zamani, dubi.” Ya buɗe na ukun, mai igiyar wuta da fitila ja da kore, cikinsa baƙi sumul.

Tambaya uku ta yi masa. Yana shan wuta da yawa? Ya yi mata bayani har da zane a iska. Yaya za ta gane abu ya gasu? Ya nuna mata fitilun, ja a jira, kore a buɗe. Yaya ake wanke shi? A nan wani mai kwat ya shigo neman firiji, idon mai shago ya koma can.

Ya ce, “Kamar yadda kike wanke komai, Mama. Ba wuya.”

Ta biya na ukun. Ya cusa mata takardar bayani a kwali. Ta ce, “Ɗan nan, ni fa ban iya karatu ba.”

“Ba komai. Babu abin da ke ciki da ban faɗa miki ba.”

A riƙe maganar nan da kyau, don ita ce shari'ar gaba ɗaya.

Na farkon da ta gasa, ta cika ludayi, kwaɓi ya tumbatso ta gefe ya ɓata tebur. Na biyu ta rage. Zuwa na uku ta gane cewa koriyar fitilar nan gaggawa gare ta, tururi ne mai gaskiya: in ya daina fita ta gefe, to abu ya yi. Ta buɗe, ya ɗago ja-ja, bayansa na ƙaras-ƙaras, cikinsa da laushi.

Tsoho ya juya shi a faranti ya ce, “Yau kuma tayar mota kika gasa mini? Kuma sabuwa, ko zanen bai cinye ba.”

“Ci ka ba ni farantina.”

Ya bi ramukan da zuma ɗaya bayan ɗaya, kamar yana ba fasinja canji. Ya ci biyu. Kwana biyar ana haka, da safe biyu, da la'asar ɗaya. Har ya fara fita ƙofar gida yana yi wa masu motoci gyaran tuƙi daga kan benci.

Baƙin nan dai yana damun Inna. Kullum ta goge shi da sabulu da tsumma, ya ƙi fita. Ran kwana na biyar wani ɗan kwaɓi ya ƙone a lungu, sai ta ɗauko soson ƙarfe ta ɗan kankara. Sai ga fari ya leƙo.

Ta ce, “Ashe! Ashe fari ne a ƙasa. Mutanen nan ko wanke abu ba sa yi kafin su sayar.”

Ta shimfiɗa tabarma a ƙofar kicin ta zauna masa tun azahar. Ta naɗe soso a tsinke ta bi ramukan ɗaya-ɗaya, sama da ƙasa. Ko ɗigon ruwa ba ta bari ya taɓa igiyar wutar ba, don ta san wannan. Kafin magariba yatsunta sun yi ja, injin kuwa ya koma sai ka ce azurfa. Ta duba fuskarta a ciki ta ga kanta gida-gida, ta yi dariya ita kaɗai. Rabon da ta ji daɗin aiki haka tun tana otal.

Washegari ta zuba kwaɓi, ta jira tururi, ta ɗaga murfi. Wafal ya rabe biyu, rabi ya bi sama, rabi ya kama ƙasa. Ta kankare, ta shafa mai, ta sake. Haka. Ta ƙara ƙwai, ta rage sukari, ta canza fulawa. Haka dai. Tsoho ya ci ɓarɓashi da cokali rana ɗaya, rana ta biyu ya ce ya ƙoshi.

Da Nas ta zo ta buɗe injin, ba ta yi faɗa ba. Da ma faɗan ta yi, da ya fi sauƙi. Sai ta ja kujera ta zauna, ta kama hannun uwarta, ta sauke murya irin wadda take yi wa marasa lafiya.

“Inna, me ya sa kika kankare shi?”

“Baƙi ne da shi. Mai shago ya ce in wanke kamar komai.”

“Babu mai shagon da zai faɗi haka, Inna. Baƙin nan shi ke hana abu kamawa.” Ta dubi idon uwarta. “Inna, yau wace rana ce?”

Inna ta zare hannunta. “Ranar da na haife ki ma Laraba ce, in ita kike nema.”

Amma ta ji abin da aka faɗa a waya daga baya. Nas ta fita baranda tana magana da ƙaninta da ke wani gari, ta manta tagar kicin a buɗe take. Wai Inna ta fara rikicewa. Wai yau inji ne, gobe gas za ta bari a kunne. Wai an sami wata mai girki, za ta fara zuwa farkon wata, Inna ta huta, a riƙa kulle kicin in matar ta tafi.

A kulle mata kicin. Ita.

Daga ranar aka fara kawo wafal a roba daga gidan Nas. Kafin ya ƙetare gari ya yi gumi ya saki, ya zama kamar jiƙaƙƙen tsumma. Tsoho ya ci rabi don kunyar 'yarsa ya bar sauran. Ya ce wa Inna a hankali, “Wannan tayar ta yi faci.” Ran kwana na goma sha ɗaya ta sake ɗauko ƙusa ta huda bel.

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Ta jira Asabar, ranar da Nas ba ta aiki. Ta naɗe injin a zane ta ce wa Nas, “Kai ni shagon. Ke za ki fara shiga, bai san ki ba. Ki yi kamar saye za ki yi, ki tambaye shi wanki. Ni ina bakin ƙofa.”

Nas ta bi ta ne kawai don a zauna lafiya. Ta shiga da jakarta da tabarau. Inna ta tsaya bayan kwalayen fanka tana ji.

Mai shago ya ce, “Yawwa, ranki ya daɗe, wannan tambayar ita ce babba. Kada ki kuskura ki sa masa soson ƙarfe, ko cokali ma kada ya taɓa shi. Baƙin nan shi ne ran injin. Ki bari ya huce, ki goge da tsumma mai ɗan danshi, shi ke nan.”

Nas ta juyo wajen ƙofa da fuskar tausayi, irin ta “kin ji ko, Inna”. Inna ta shigo ba gaggawa, ta ɗora ƙunshin a kan kanta, ta kwance, ta buɗe murfi. Hasken fitilar shagon ya faɗa ciki ya dawo masa a ido.

Ta ce, “Ashe ka sani.”

“Innalillahi! Mama, me kika yi masa?”

“Na wanke shi kamar yadda nake wanke komai. Wa ya ce in yi haka?”

“To ai... ai yana cikin takarda.”

“Me na ce maka game da takarda? Kai kuma me ka ce mini?”

Ya zaro biro daga bayan kunne, ya mayar. Ya dubi Nas yana neman wadda za ta fahimce shi, ya yi 'yar dariya. “Ranki ya daɗe, kin san irinsu Mama. In ka ja musu bayani ruɗewa suke yi. Shi ya sa nake taƙaita musu.”

Nas ta cire tabarau. “Irinsu wa? Uwata ce.”

Nan da nan bakin mai shago ya canza. Zai ba da sabo, zai yi ragi, a yi haƙuri, ɗan Adam ajizi ne. Inna ta ce ya riƙe sabonsa. Ta nuna na ƙarfen nan mai dogayen hannaye, wanda hannunta ya zaɓa tun farko, ta biya shi ba ta nemi ragi ba. Nas ta karɓe ta rungume shi har mota, nauyinsa na rinjayar ta. Ba ta kunna motar ba sai da ta kira ƙaninta ta ce a sallami maganar mai girki. Daga nan ta kifa goshi a kan sitiyari.

“Inna, ki yafe mini.”

“Tuƙa mu. Ubanki bai karya ba.”

Wannan ƙarfen ba ta tambayi kowa yadda ake yi da shi ba. Ta shafe shi da mai ta ƙona a kan murhu, ta sake, ta sake, har ya yi baƙin kansa. Shi ne baƙi na farko da ta taɓa bari a kicin ɗinta. Ran Lahadi tsoho ya ci uku, ya ce tayar babbar mota ce.

Sai a ce magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Nas ta nemi gafara an yafe mata, don ita da abin da idonta ya gani ta yi hukunci. Shi fa? Shi ya san gaskiya, ya auna tsohuwa da ido ya ga ba ta kai ya ɓata mata numfashi biyu ba. Saura ƙiris a kulle wa mai hankali kicin ɗinta a kira ta ruɗaɗɗiya. Mara lafiya ya yi kwana goma sha ɗaya yana ture faranti.

Shi ya sa kullum, in ta ba tsoho karin safe, Inna Madubi kan ɗauki farin injin nan ta je shagon. Ta ja kujerar masu jira ta zauna, ta buɗe shi a cinya. Ba ta ɗaga murya. Duk wanda ya tambaya, sai ta faɗa masa. Mai shago ya aiko maƙwabcinsa tela ya ba ta baki, ta ce ba da tela take magana ba.

Abu ɗaya take so. Ya taka da ƙafarsa har gidanta, ya tsaya gaban mijinta da 'yarta, a kira ɗanta a waya shi ma ya ji, ya maimaita abin da ya faɗa mata ranar Litinin ɗin nan, kalma-kalma. A miƙa masa bel ɗin ya ga hudar ƙarshe da idonsa. Shi ya yi ta, ba ƙusa ba. Ya zo ya amsa.