Zanen da Aka Yi Saboda Fiddausi

Fiddausi 'yar Mandera ce, tana aji biyar a wata makarantar sakandare a Shagari. Tun wani zazzaɓi da ta yi tana ƙarama ba ta ji sosai, shi ya sa darasin gwamnati, wanda yawancinsa bayanin baki ne, yakan wuce ta.

Malaminsu, Malam Ubaidullahi, ya lura kullum bakinsa take kallo. Sai ya sayo farin yadi a kasuwar Boɗinga, ya zana majalisa da kotu da fadar shugaban ƙasa, ya ja kibiyoyi masu nuna yadda ƙuduri ke zama doka, ya rataye a gaban aji. Ran nan Fiddausi ta fara ɗaga hannu. Ta fito, tana bin kibiyoyin da yatsa, ta yi bayani daidai.

Da ta ci jarrabawa, mahaifinta ya zo makarantar da kwandon albasa a bayan babur.

Ya ce, "Malam, ɗiyata ta ce sai yanzu karatu ya shige ta. Allah shi saka da alheri."

Malam ya ce, "Amin, Baba. Ai ni ma na ƙaru, don zanen ya taimaki ajin duka."